Labarin Janar Edward Nicolls, Sojan Jirgi

A cikin labarun mazajen da, an fi son a ba da na waɗanda suka sa abu gaba suka same shi. Mu kuwa a wannan fitowa muna so mu kawo wa masu karatu labarin wani mutum wanda ba a taɓa yin shakkar jaruntakarsa ba, amma babban abin da ya sa gaba ya lalace a hannunsa har sau biyu. Sunansa Edward Nicolls, hafsa ne na Ingilishi, ya kai muƙamin Janar kafin rasuwarsa. Mun zaɓe shi ne domin rayuwarsa ta nuna abin da kan faru in ma'aikaci ya yi wa marasa ƙarfi alkawari da zuciya ɗaya, alhali kuwa waɗanda suka aiko shi ba su ɗaura niyyar cikawa ba.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu bayyana irin sojan da yake ciki. A zamaninsa jiragen yaƙi na teku, waɗanda ake kira manuwa, na katako ne, iska ke tura su. Mutanen cikinsu kashi biyu ne. Akwai ma'aikatan jirgi, masu jan igiyoyi da tuƙi da harba igwa. Akwai kuma waɗansu sojoji masu jajayen riguna, an koya musu faɗa irin na tudu, amma a jirgi suke zama. Aikinsu shi ne harbi da bindiga idan jirage sun gwabza, da tsallakawa cikin jirgin abokan gaba, da sauka gaɓa don kama wuri, da tsaron hafsoshi kada ma'aikata su yi musu bore. Su ne za mu kira sojan jirgi. A shekarar 1802 aka ba ƙungiyarsu sunan Royal Marines, watau aka jingina ta ga Sarkin Ingila.

An haifi Nicolls a shekarar 1779 a garin Coleraine, a arewacin tsibirin Ailan. Ubansa ma'aikacin gwamnati ne mai kula da kuɗin fito. A 1795, yana da shekara wajen 16, aka ba shi muƙamin ƙaramin Laftana cikin sojan jirgi. Ya shiga aiki ana tsakiyar yaƙi tsakanin Ingila da Faransa, yaƙin da bai ƙare sosai ba sai da aka ci Napoliyon a 1815. Saboda haka ƙuruciyarsa duka a bakin igwa ta ƙare.

Abin da ya fara fitar da sunansa ya auku ne a watan Nuwamba 1803, yana cikin manuwar da ake kira Blanche, a gaɓar tsibirin da ƙasar Haiti take. Wani ƙaramin jirgin Faransawa mai suna Albion ya fake kusa da garin Monte Cristi, ƙarƙashin igwogin da aka kafa a tudu. Da dare ya yi, Nicolls ya shiga kwalekwale ɗaya da mutane da ba su kai 15 ba, suka lallaɓa har gindin jirgin, suka hau. Shugaban jirgin ya harbe shi, harsashi ya bi ta gefen cikinsa ya maƙale a hannunsa na dama, duk da haka shi ya kashe shugaban, sauran suka ba da kai. Sa'an nan ya yi wata dabara. Ya ce wa mutanensa su yi ta harbi sama, domin masu igwa na tudu su zaci har yanzu ana faɗa, su ji tsoron harbin 'yan'uwansu. Da haka aka fara janye jirgin lafiya. Ko da wani hafsa wanda ya girme shi ya iso ya hana harbin, sai igwogin suka buɗe wuta, aka rasa mutane. Bayan wannan wata ƙungiyar attajiran Landan ta ba Nicolls kyautar takobi na fam 30.

Daga nan sai yaƙi bayan yaƙi. A 1804 yana cikin waɗanda suka kewaye tsibirin Curaçao na mutanen Holan. A 1805 ya zama Kyaftin. A watan Fabrairu 1807, sa'ad da manuwoyin Ingilishi suka kutsa ta mashigin Dardanelles suka nufi Istambul, shi ya hau wani jirgin Turkawa ya ɗauke tutarsa, ya kuma sauka gaɓa da mutanensa suka lalata igwogi. A 1809 ya kama Anholt, wani ƙaramin tsibiri na ƙasar Danmak, domin a sake kunna fitilar hasumiyar da ke nuna wa jirage hanya da dare, aka bar shi yana riƙon tsibirin ɗan lokaci. A shekarar nan kuma ya auri Eleanor Bristow. A 1810 aka ba shi muƙamin Manjo. Sojoji suka sa masa laƙabin da ma'anarsa Nicolls Mafaɗaci. Da a nan labarinsa ya tsaya, da ba mu ga dalilin rubuta shi ba, gama jarumawa irinsa ba su da wuyar samu a zamanin.

A 1812 yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Amurka. Babban abin da ya jawo shi, manuwoyin Ingilishi suna tare jiragen cinikin Amurkawa a teku, suna kuma kwashe ma'aikatansu da ƙarfi. Ingilishi ba su da isassun sojan da za su aika, don yawancinsu suna fama da Napoliyon, sai suka nemi mataimaka a cikin ƙasar kanta. Mutane iri biyu ne suke da ƙullin Amurkawa a zuci. Na farko su ne bayi baƙar fata da ke aikin gonaki a kudancin ƙasar. Na biyu su ne mutanen asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka kira Indiyawa, musamman kabilar Creek da ta Seminole. A watan Maris 1814 Janar Andrew Jackson ya karkashe mayaƙan Creek a wani wuri da ake kira Horseshoe Bend, a watan Agusta kuma ya tilasta wa kabilar ta sallama ƙasa fiye da eka miliyan 20. Waɗanda suka ƙi yarda suka gudu kudu zuwa Fulorida, wadda a lokacin ke hannun Sifen. A wannan shekara ce shugaban manuwoyin Ingilishi, Alexander Cochrane, ya yi shela cewa duk wanda ya gudo daga Amurka za a karɓe shi a matsayin ɗa, ko ya shiga soja, ko a kai shi wata ƙasa ya zauna.

Nicolls aka zaɓa ya tafi Fulorida ya tattara mutanen nan, aka ba shi riƙon muƙamin Laftana Kanar. Ya isa a watan Agusta 1814 da 'yan sojan jirgi kaɗan da bindigogi masu yawa. To, a nan ne bambanci ya fito tsakaninsa da shugabanninsa. Su dai abin da suke nema shi ne sojan aro da za su ɗauke wa Amurkawa hankali. Shi kuwa ya ƙi jinin bauta ƙwarai tun daga zuciyarsa, ya ɗauki shelar nan a kan magana ce ta gaskiya wadda za a riƙe har ƙarshe. Bayi suka yi ta gudowa gare shi, daga gonakin Amurkawa har da na mutanen Sifen, ya sa musu kayan soja, ya koya musu rawar daji, ya yanka musu albashi.

Ta wajen yaƙi, tafiyar ba ta yi kyau ba. Ya aika wa Jean Lafitte, shugaban 'yan fashin teku na wajen New Orleans, ya nemi ya haɗa kai da shi, sai Lafitte ya kai labarin wurin Amurkawa. A watan Satumba 1814 aka kai hari kagarar Bowyer, a bakin mashigin Mobile. Nicolls yana fama da atuni, bai iya sauka tudu ba, sai ya zauna cikin manuwar Hermes yana taimakon masu igwa. Nan ya sami rauni a ka, idonsa na dama ya mutu, jirgin kuma ya ƙone, harin ya watse. A watan Nuwamba Jackson ya kore su daga garin Pensacola. Sai Nicolls ya koma kogin Apalachicola, a wani tudu da ake kira Prospect Bluff, kamar mil 15 daga bakin teku. A nan aka gina kagara mai ƙarfi, aka kafa mata igwogi, gudaddun bayi da iyalansu suka yi gonaki kewaye da ita.

Ran 24 ga Disamba 1814 wakilan Ingila da na Amurka suka yi sulhu a birnin Ghent. Sharaɗi na 9 na wannan sulhu ya ce a mayar wa Indiyawa abin da yake nasu kamar yadda yake a 1811. Nicolls ya karanta wa shugabannin Creek, ya tabbatar musu cewa ƙasar da Jackson ya ƙwace za ta dawo. Amurkawa kuwa suka ce sharaɗin bai shafi Creek ba, domin wai sun riga sun yi sulhu da su tun watan Agusta. Ya yi ta rubuta wa ma'aikatan Amurka takardu masu zafi, ba wanda ya kula. Masu bayi kuma suka zo neman bayinsu, ya ƙi tilasta wa kowa komawa. Da lokacin tashi ya yi a 1815, ya sallami baƙaƙen sojansa a matsayin 'ya'ya, waɗansu suka bi jiragen Ingilishi, waɗansu suka zaɓi zama. Ya bar wa masu zama kagarar da igwoginta da bindigogi da albarushi mai ɗimbin yawa, don su kare kansu. Ya kuma ƙulla amana a rubuce tsakanin Ingila da shugabannin Creek, ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, Josiah Francis, suka tafi Landan tare domin a sa mata hannu.

A Landan ya tarar da ƙofa a rufe. Ingila ta gaji da yaƙi, tana kuma son ciniki da Amurka, ba ta da niyyar sake zare takobi saboda kabilar Creek. Lord Bathurst, wazirin da ke kula da al'amuran yaƙi da ƙasashen mallaka, ya ƙi amanar, aka kuma shaida wa wakilin Amurka cewa Nicolls ba shi da izinin ƙulla ta. Aka ba Francis 'yan kyaututtuka. Nicolls ya sauke shi a gidansa, ya ɗauki nauyinsa daga aljihunsa, har ya koma ƙasarsa hannu wofi. A 1818 Jackson ya kama Francis a Fulorida ya rataye shi.

Mutanen kagara kuwa, abin da ya same su ya fi haka muni. Masu bayi na kudancin Amurka ba su iya barci ba, ga ƙauyen baƙaƙe 'yantattu masu igwa kusa da iyakarsu, bayinsu kuma suna jin labari. A watan Yuli 1816 sojan Amurka suka tsallaka cikin ƙasar Sifen, da waɗansu Creek masu goyon bayansu, da ƙananan jiragen igwa ta kogi. Mutanen kagara suka ƙi ba da kai. Ran 27 ga watan, da sassafe, masu jirgi suka gasa dunƙulen ƙarfe na igwa a wuta har ya yi ja, suka harba, ya faɗa ɗakin albarushi. Kagarar ta tashi gaba ɗaya. Cikin mutum wajen 330 da ke ciki, maza da mata da yara, kamar 270 suka mutu nan take. Aka kashe shugabansu, wani mai suna Garçon, yawancin waɗanda suka tsira kuma aka mai da su bauta. Albarushin da Nicolls ya bar musu don tsaron rai, shi ya zama ajalinsu.

Bayan 'yan shekaru aka sake ba shi aiki, wannan karo a tekun da ke yamma da Afirka. Tun 1807 Ingila ta hana mutanenta fataucin bayi, ta kuma sa manuwoyi suna sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma suna kama jiragen masu fataucin. Ɗaya daga wuraren da manuwoyin kan je hutu da neman guzuri shi ne Ascension, wani tsibirin duwatsu a tsakiyar teku, wanda Ingilishi suka sa wa soja a 1815 don tsaron Napoliyon da aka tsare a Saint Helena. Nicolls ya riƙe shi daga 1823 zuwa 1828. Babbar wahalar wurin rashin ruwa ce, don 'yan idanun ruwan da ake da su suna can bisa dutse. Ya sa aka gyara hanya, ana sauko da ruwan zuwa gaɓa, aka yi lambuna a kan dutsen, aka kuma tsara kamun kunkurun teku don nama. Aiki ne marar suna, amma a cikin ayyukansa duka shi ne wanda ya tsaya.

A 1829 aka naɗa shi shugaban zangon Ingilishi na tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, cikin ƙasar Equatorial Guinea. Ga dalilin kafa zangon. Yawancin jiragen bayi ana kama su ne kusa da bakin kogunan Bonny da Kalaba da gaɓar Legas, amma kotun da ke yanke hukunci a kansu tana Freetown, a Saliyo. Tafiyar ta fi mil 1,000, iska da igiyar ruwa suna gaba da jirgi, takan ɗauki makonni, mutane da yawa kuma sukan mutu a hanya bayan an riga an cece su. Cikin waɗanda aka sauke a Freetown a shekarun nan har da Hausawa da Barebari da Nufawa, waɗanda yaƙe-yaƙe suka tura zuwa gaɓa. Sai aka yi shawarar a kawo kotun kusa. A 1827 Kyaftin William Owen ya kafa garin Clarence a tsibirin, shi ne Malabo ta yau, Nicolls kuma ya gaje shi.

Zazzaɓi ya yi wa Turawan zangon mummunar ɓarna, don a lokacin ba a san sauro ke kawo shi ba. Yawancin sojan da ya zo da su ba su koma gida ba. Shi kansa ciwo ya kwantar da shi, aka kai shi Ingila, ya warke ya komo. Halinsa kuwa na Fulorida bai sake ba. Bayin da suka gudo cikin kwalekwale daga tsibiran Fotugal ya ƙi mai da su. Ya nemi sarakunan gaɓa, na Kalaba da Bimbiya da bakin kogin Kamaru, su bar sayar da mutane su koma cinikin manja. A 1833 ya ƙulla amana da Sarkin Bimbiya, wadda za ta sa wani yanki na gaɓar ƙarƙashin Ingila. Ya kamata mu lura, wannan amana kaifi biyu gare ta, gama hana bauta da karɓar ƙasar mutane tare suka zo cikin takarda ɗaya. Ko ta yaya dai, Landan ta ƙi ta, kamar yadda ta ƙi ta Creek. Sifen kuma, wadda tsibirin ke cikin mallakarta, ba ta yarda a kafa kotun ba. Tun 1832 umurni ya zo a tashi zangon, Nicolls ya yi ta jan ƙafa yana roƙo, har aka gama tashi wajen 1834. 'Yantattun da ke Clarence suka ci gaba da zama ƙarƙashin wani ɗan kasuwa, John Beecroft, wanda daga baya, a 1849, ya zama ƙaramin jakadan Ingila na gaɓar.

Kafin ya bar tsibirin ya yi wani baƙo wanda ƙasar Hausa ta sani. Richard Lander shi ne baran Kyaftin Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A 1830 Lander da ƙanensa suka bi Kwara cikin kwalekwale daga Busa har teku. Ya sake komowa a 1832 da jiragen tururi biyu, ɗaya sunansa Kwara, ɗaya Albarka. A farkon 1834 aka harbe shi a cikin rassan kogin, aka kawo shi Fernando Po, aka yi jinyarsa a gidan Nicolls, nan ya mutu a watan Fabrairu, aka binne shi a Clarence.

A 1835 Nicolls ya bar aiki, jikinsa duk tabo. Lissafin aikinsa ya nuna ya shiga faɗa sau 107. An karya masa ƙafa, an sare shi da takobi a ka, an soke shi a ƙirji, an harbe shi, ga ido ɗaya. Muƙamai suka ci gaba da zuwa masa yana gida har ya zama cikakken Janar, a 1855 kuma Sarauniya Biktoriya ta ba shi lambar girma mai sa a kira mutum Sir. Bai daina rubuce-rubuce da roƙo a kan hana bauta ba har tsufansa. Ya rasu ran 5 ga Fabrairu 1865 a Blackheath, kusa da Landan. A wannan shekara ce Amurka ta soke bauta a ƙasarta duka, shekara 49 bayan tashin kagarar Prospect Bluff.

To, yaya za mu auna mutumin nan? Ta gefe ɗaya, akwai mutane da yawa da suka mutu 'ya'ya saboda shi, waɗanda da ba don taurin kansa ba da sun mutu bayi. A tsibirin Andros na ƙasar Bahamas akwai gari mai suna Nicholls Town, an sa masa sunan ne don tunawa da shi. Ba a kuwa taɓa samunsa ya ci amana don neman abin duniya ba, hasali ma dukiyarsa ya kashe. Ta ɗaya gefen, ya faɗa wa Creek ƙasarsu za ta dawo, ba ta dawo ba. Ya bar mutanen kagara da zaton tutar Ingila za ta tsare su, ba ta tsare su ba. Laifi mafi girma yana wuyan waɗanda suka harba igwar, da gwamnatin da ta yi shela lokacin bukata ta juya baya lokacin sulhu. Amma shi ma yana da nasa kaso, domin ya yi magana da bakin sarki ba tare da ya tabbata sarki zai amsa ba. Da abin ya ɓaci, shi ya koma gida da albashinsa da lambarsa, su kuwa suka biya da rayukansu.

Yawancin masu karanta wannan mujalla za su riƙe aikin da zai sa su tsaya tsakanin manya da talakawa, ko a makaranta, ko a ofis, ko a ƙauye. Wata rana wani zai zo ya tambaye ku ko abin da aka yi shela za a cika shi, zai kuma gina shawararsa a kan amsarku. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Labarin Nicolls ya ƙara mana da cewa sau da yawa ba wanda ya yi alkawarin ke ɗaukar kayan ba, wanda ya gaskata shi ke ɗauka. Saboda haka ku yi koyi da shi wajen ƙin zalunci da tsayawa tare da marar ƙarfi. Amma in za ku ba mutum magana, ku rarrabe masa a fili abin da ke hannunku da abin da ke hannun na gaba da ku, domin ya san inda zai sa ƙafarsa.